Wai mai binciken plasma a kwamfuta ba masanin kimiyya ba ne?

Abin nan yana damuna, mutane da yawa na ganin masanin fiziks na gaske shi ne mai sa farar riga a dakin gwaji, wanda ke zaune gaban kwamfuta kuwa program kawai yake rubutawa. Gaskiya suna da hujjarsu, tunda kimiyya sai da gwaji.

Amma plasma iskar gas ce mai tsananin zafi, irin ta cikin rana, kwayoyinta masu caji kowace tana jan 'yar uwarta ko tura ta, lissafinsu da biro da takarda baya yiwuwa, ga shi na'urar awo ma idan ka cusa ta ciki sai ta narke. Shi yasa ake kwaikwayonsu a kwamfuta, ana bin motsinsu daki-daki.

John Dawson, masanin fiziks na Amurka, yana cikin wadanda suka fara wannan, a jami'ar Princeton, a 1962 ya fitar da samfurinsa na plasma a kwamfuta. A 1977 aka ba shi kyautar Maxwell, wadda ake ba gwanayen binciken plasma, shi ne na uku da ya taba samunta, yana dan shekara arba'in da wani abu. A 1979 shi da abokin bincikensa Toshiki Tajima suka nuna a kwamfuta cewa hasken leza zai iya ingiza ilektron, wato kananan kwayoyi masu caji, cikin plasma da gudun gaske, masu dakin gwaji sai daga baya suka tabbatar.