Kafin ka riƙe makirfo, ka iya naɗe waya

Ranar Talatar da ta wuce na koma gida rai a ɓace, har yau kuma abin bai sake ni ba. Cikin ɗaliban da ake turo mana gidan watsa shirye-shirye neman sanin makamar aiki na ɗauki wani yaro, muka fita hira da wani tsohon maƙeri wanda shekaru suka ja masa ƙwarai, da ƙyar ma 'ya'yansa suka yarda ya zauna da mu. Na miƙa wa yaron rikoda da makirfo da abin sauraro na kunne, na ce ya kula da sauti, ni in yi tambayoyi. Minti 40 dattijon nan yana ba mu labarin tama da zuga-zugi da yadda ake fitar da ƙarfe a zamanin mahaifinsa, yana tari yana ci gaba. Da muka dawo muka kunna, ba abin da ke tashi sai rurin janareton maƙwabta da hucin iska, muryar tsohon kuwa can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Ashe abin sauraron a wuya yaron ya rataye shi, ko sau ɗaya bai kai shi kunne ba. Da na yi masa magana sai ya ce, "Oga, ai ni ba wannan ɓangaren na zo koya ba, gabatarwa nake so." Kafin magariba hotonsa ya hau Facebook, riƙe da makirfon gidanmu, abokai na ta zuba masa kirari.

Ƙannena, wannan magana tasa ita ta fi asarar hirar ƙona mini rai, domin ba a bakinsa na fara jin ta ba. Kowa so yake a ji muryarsa, kowa so take a ga fuskarta. Ka ce da yaro ya naɗe wayar makirfo bayan an tashi daga shiri, sai ya ɗaure fuska kamar ka zage shi. Ka ce ya zauna kusa da mai tace murya ya ga yadda ake yanke tari da inda-inda ba tare da an taɓa ma'anar magana ba, minti 5 ya zaro waya ya duƙufa. Ka ce ya ɗauki ƙafar kyamara zuwa mota, sai ya waiga yana neman wanda ya fi shi ƙanƙanta. Girman kai rawanin tsiya, kuma wanda ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa.

Shin kun san abin da ke bayan muryar nan da kuke sha'awa? Shirin rabin awa yakan cinye wuni guda ana tacewa. Akwai wanda ya zura wa allon sauti ido don kada ma'auni ya taɓa ja murya ta fashe. Akwai wanda ya san cewa makirfo ba ya wuce kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, kuma in ana iska sai an sa masa soso. Mai kyamara ya san in ya zaunar da baƙo taga na bayansa, inuwa kawai zai ɗauko, ya kuma san dalilin da ake nuna wa kyamara farar takarda kafin a fara ɗauka. Mai gabatarwar da bai san waɗannan ba, ranar da injiniya ya makara ko na'ura ta yi gardama ana tsakiyar shiri kai tsaye, nan ake gane shi, don ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wuraren koyo kuma ba a rasa su ba. Kwalejin Talabijin ta NTA tana nan a Jos tun 1980, cibiyar koyar da aikin fim ta ƙasa ita ma a Jos take. Rediyon Tarayya na da makarantar horarwa a Legas, ga Jami'ar Bayero a Kano, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, 'yan'uwanmu na Nijar kuma sun daɗe suna zuwa makarantar koyon aikin jarida ta Yamai da aka sani da IFTIC. Amma ko an shiga, sai ka tarar ana cika aji ranar jarrabawa, ranar aikin hannu a situdiyo kuwa kowa na da uzuri. A fito da takarda mai kyau, hannu bai taɓa maɓalli ba. Sai ranar da aka kira mutum gwajin ɗaukar aiki zai fara tambayar yadda ake buɗe manhajar tace sauti. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tunda na ɗauko, bari in faɗi har da ta harshe. Ku da kuke rububin makirfon, me kuke faɗa in an ba ku? Jimla ɗaya rabi Hausa rabi Turanci, tsohuwar da ke sauraro a ƙauye ta rasa inda aka dosa. A ba yaro labari ya fassara, ya kwaso ginin Turanci ɗungurungum ya jibga wa Hausa. Wani kuma ya tsinci jita-jita a WhatsApp, bai buga wa kowa waya ya tabbatar ba, ya karanta wa jama'a. Hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa a 1992, tana da kundin ƙa'idojin watsa shirye-shirye, kuma magana ɗaya ta ɓata suna na iya jawo wa tasha abin da za ta daɗe tana jinya, amma ka tambaya ko sun taɓa buɗe kundin, shiru. Ba na ma son in shiga zancen masu tsayawa a bakin ƙofa bayan taro suna jiran kuɗin mota. Wannan kam ba yara ne suka ƙirƙiro shi ba, a wurin manya suka gani.

Allah Ya jiƙan mazan jiya. Waɗanda suka raine mu a aikin nan, su kuma a hannun mutanen da suka ɗora harsashin gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962 suka koya. A lokacinsu da reza ake yanka tef a liƙe da salatif, in hannu ya goce ka yanke wa mutum rabin kalma, babu maɓallin da zai dawo da ita. Sai mutum ya shekara yana ɗaukar kaya, yana rubuta labarin da wani zai karanta, kafin a bar shi ya faɗi ko da ƙarfe nawa ne a iska. In ka yi kuskuren kalma, kafin mai sauraro ya aiko da wasiƙa edita ya riga ya kira ka, kuma a tsaye za ka saurare shi. Mutanen da suka tafi Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara tun 1957, da Muryar Amurka da ta Jamus, da yawansu ta wannan ƙofa suka bi. Ba mu ɗauki hakan wulaƙanci ba, gata muka ɗauke shi. Yau an samu kwamfuta da ke gyara kuskure cikin ƙiftawar ido, sai haƙurin zama a gabanta ya gagara.

Wallahi ba don ƙi nake faɗa ba, yaron nan yana da murya mai daɗi, kuma na so a ce ya tsaya ya koya. Jiya na buga wa ɗan maƙerin waya in roƙi a sake ba mu lokaci. Ya ce jikin Baba ya motsa tun ranar Alhamis, magana ma da ƙyar yake yi, sai dai mu sa shi a addu'a.