Kason Marubuci da Haƙƙin Mai Saye a Kasuwar Littafin Waya

Tun daga shekarar 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin takarda da na ɗab'i suka yi tashin da ya sa marubutan Hausa da dama suka haƙura da buga littafi, suka koma sayar da shi ta waya. A wannan tsakanin ne ƙananan kamfanonin wallafa suka yawaita, har a nan Sakkwato, kuma galibinsu ba su wuce mutum biyu ko uku ba, da kwamfuta ɗaya, da lambar WhatsApp, da asusun banki. Ba raina su nake yi ba, domin ni kaina ina yi wa ɗaya daga cikinsu aikin tace rubutu, na kuma san wahalar da ke ciki. Amma a ra'ayina, duk kamfanin da ba zai iya nuna wa marubuci rubutacciyar yarjejeniya da lissafin kwafin da aka sayar ba, bai cancanci ko kwabo daga kuɗin littafin ba, komai kyawun bangon da ya zana masa.

A zamanin takarda, hujjar mawallafi a fili take. Kamfanin wallafa littattafai na NNPC da ke Zariya, wanda aka kafa a 1966, shi ne ke zuba jari a takarda da inji da sufuri, idan littafi ya yi kwantai kuma shi ne ke ɗaukar asara. Ko marubutan da suka ɓullo a Kano daga shekarun 1980, waɗanda suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, sun san adadin kwafin da suka kai wa ɗan kasuwa, sun kuma san nawa ne suka rage a kanta. Littafin waya ya kawar da wannan duka: ba takarda, ba rumbun ajiya, ba motar da za ta ɗauko kaya daga Kano zuwa Sakkwato. Marubuciya tana iya sayar da littafinta da kanta tana zaune a ɗakinta, kuma da yawa haka suke yi. Saboda haka abin da ya rage wa kamfani ya ci kaso a kansa shi ne aikin da ya yi da hannunsa, wato tacewa, da tsara shafuka, da talla, da karɓar kuɗi, da amsa wa masu saye, da riƙe lissafi.

Tacewa ita ce aikin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Rubutun yakan iso ne an buga shi da yatsa a waya, babi-babi, ba sakin layi, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, an raba waɗanda ya kamata a haɗe, haruffa masu ƙugiya kuwa babu ko ɗaya. Mai tacewa zai bi shafi ɗari uku yana mayar da ɓ da ɗ da ƙ inda suka dace, yana lura da cewa yarinyar da aka kira Hadiza a babi na biyu ta koma Halima a babi na tara. Idan an gama, sai a zaɓi nau'in harafin da ke ɗauke da waɗannan baƙaƙe, in ba haka ba mai karatu zai buɗe littafi ya tarar da ƙananan akwatuna a gurbinsu. Akwai kuma batun siffar fayil. PDF yana riƙe shafi yadda aka tsara shi, don haka idan an tsara shi da girman takardar ofis, mai ƙaramar waya sai ya yi ta ja da yatsa hagu da dama kafin ya gama layi ɗaya. EPUB kuwa yana daidaita rubutu da faɗin kowace waya, mai raunin gani kuma yana iya ƙara girman harafi. Kamfanin da ya san aikinsa yakan ba da duka biyun, ko aƙalla ya tsara PDF ɗin da girman fuskar waya.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman a nan. Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina ga karin harshen Kano, kuma daidai ne a bi ta wajen ba da labari. Amma idan marubuci ya sa tsohuwa 'yar Wurno ko Gwadabawa ta ce "mi kake biɗa" ko "munka tai kasuwa", ba kuskure ya yi ba, hali ya ba ta. Na sha ganin an "gyara" irin wannan magana ba tare da an tuntuɓi mai littafi ba, sai tsohuwar ta koma magana tamkar mai karanta labarai a rediyo. Ƙa'idar da nake ganin ta dace ita ce a mayar wa marubuci da rubutunsa bayan tacewa, ya ga kowane canji, ya amince kafin a fitar.

Sai yarjejeniya, wadda ita ce mutanenmu suka fi jin nauyin tambaya. An saba a ce, "Haba Malam, ai mun zama ɗaya," a rabu a kan haka. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi cewa miƙa haƙƙin mallaka ko ba wa wani izinin wallafa shi kaɗai ba ya tabbata sai a rubuce. Haƙƙin littafi kuma yana nan tsawon rayuwar marubuci da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, wanda ke nufin dukiya ce da magada za su gada. Addininmu ma ya yi umarni da rubuta bashi, don haka ban ga dalilin da neman takarda zai zama rashin yarda ba. Takardar ba sai ta yi tsawo ba, shafi biyu sun isa, muddin ta faɗi tsawon lokacin da kamfani zai riƙe littafin, da kason kowa, da ranar biya, da wanda ke da ikon rage farashi. Ya kamata kuma ta fayyace cewa izinin sayar da rubutu bai haɗa da izinin karanta littafin a tashar YouTube ko mayar da shi fim ba, domin nan ne rigima ta fi tashi a yanzu. Marubuciya takan wayi gari ta ji wata murya tana karanta labarinta ga dubban mutane, alhali ba wanda ya ce mata ci kanki.

Sharaɗin da aka fi mantawa shi ne abin da zai faru idan kamfanin ya daina aiki. OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai ta intanet wanda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da yawa suka sayar da littattafansu a cikinsa, ya rufe a ƙarshen watan Nuwamban 2023. Idan dandali irin wannan zai iya rufewa, to kamfanin mutum uku da ke haya a shago ɗaya ya fi kusa da hakan. Wajibi ne marubuci ya riƙe kwafin ƙarshe da aka tace, tare da bangon, kuma a rubuta cewa haƙƙinsa zai dawo hannunsa ranar da aka daina sayarwa.

Game da yawan kaso, ana yawan kawo misalin Amazon, kamfanin da ke sayar da littattafai ta intanet, wanda ke ba marubuci kashi 70 cikin 100 a kan wasu farashi, kashi 35 a kan wasu. Misalin bai cika dacewa ba, domin Amazon ba ya tace maka rubutu, ba ya zana maka bango. Idan ƙaramin kamfani ya yi waɗannan ayyuka da kuɗinsa, ban ga laifi ba idan aka raba daidai har ya mayar da abin da ya kashe, sannan kason marubuci ya ƙaru. Abin da ya fi damuna ba yawan kason ba ne, a'a, kason mene ne. A ce littafi naira 1,000 ne, an ce marubuciya tana da kashi 60. Idan an sayar da 400 aka ce mata 150, alƙawarin kashi 60 bai amfane ta da komai ba. Dillali a Kasuwar Kara yana cin la'adarsa ne a gaban mai dabba da mai saye, kowa ya ji sallamawa da kunnensa, amma nan ciniki ne da ake yi a cikin wayar mutum ɗaya. Maganinsa ba mai wuya ba ne: a ware asusu na musamman don cinikin littattafai, ba asusun da maigida ke cefane da shi ba, kuma a ƙarshen kowane wata a tura wa marubuci jerin kwanan wata da adadin da aka sayar da farashin kowanne. Mafi yawan masu rubuta ƙagaggun labarai a yau mata ne, wasu matan aure da ke rubutu da sunan aro, ba za su taso su zo ofis su buga tebur ba, kuma wannan kunyar ce wasu ke fakewa da ita.

Mai saye shi ma yana da nasa haƙƙin, domin shi ne ke biya kafin ya ga kaya. Yakan karanta shafukan kyauta, ya tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint ko wurin mai POS, ya ɗauki hoton shaidar biya ya aika, sannan ya zauna jira. Saƙon da na fi gani a wayar kamfani shi ne irin wannan: "Salamu alaikum Malam, na biya tun jiya, har yanzu ban ga littahin ba." Wanda ya kwana yana jiran abin da ya biya, gobe zai nemi mai ba shi kyauta. Haka nan wanda aka sace wa waya, ko ta faɗa ruwa, bai kamata a ce ya sake biya ba idan sunansa yana cikin lissafi. Masu karatu na Jamhuriyar Nijar, daga Ƙonni da ke tsallaken Illela har zuwa Tawa da Maraɗi, da sefa suke biya, kuma suna buƙatar hanyar biya tabbatacciya da farashi bayyananne, ba a bar su a hannun wani ɗan tsakiya yana ƙara abin da ya ga dama ba. Ina kuma da ja a kan manhajojin da ba sa buɗe littafi sai da intanet. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda matsalar tsaro, kuma ko a yau akwai garuruwan da sai an nemi tudu kafin saƙo ya shiga. Wanda ya sayi littafi ya kamata ya iya karanta shi ko da ba data.

Mafi munin abin da ake yi wa masu saye shi ne karɓar kuɗin littafin da ba a gama rubutawa ba. Ana fitar da shi shafi-shafi a zauren WhatsApp, sai a tsakiya marubuciya ta yi rashin lafiya ko ta saɓa da kamfani, labari ya tsaya, kuɗin mutane kuma ya tafi. Kamfanin kirki ba ya buɗe ciniki sai littafi ya kammala a hannunsa.

Satar fasaha gaskiya ce, ba kuma zan wanke masu karatu ba. Mutum ɗaya zai saya, kafin la'asar fayil ɗin ya zagaya zaure goma, duk da gargaɗin da ake rubutawa a shafin farko cewa littafin na kuɗi ne, wanda ya karanta bai biya ba Allah ya isa. Gargaɗin yana tsorata masu tsoron Allah, sauran kuwa ko a jikinsu. Abin da na ga yana ɗan tasiri shi ne buga sunan mai saye a ƙasan kowane shafi na kwafinsa, domin mutum yana jin nauyin a ga sunansa a jikin kayan da aka fitar, sai kuma sanya farashin da ɗalibar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za ta iya biya ba tare da ta taɓa kuɗin abincinta ba. Bin sawun masu yaɗa littafin, da rubuta wa masu zaure su cire shi, da kai ƙara ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya idan abin ya yi ƙamari, duk aikin kamfani ne, ba na marubuciya ba, kuma ya kamata a rubuta hakan a cikin yarjejeniya tun kafin a tura babi na farko.