'Yan sandan Amurka su canza lambar oba-oba mun yarda, amma kulle magana gaba ɗaya fa?

A Amurka akwai mutanen da sha'awarsu kenan, su sayi rediyon sikana irin Uniden SDS100 su zauna suna jin oba-oban 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, kuma in a gidanka kake doka ba ta hana ba. To duk ranar da 'yan sandan jiha suka taɓa tsarin rukunan maganarsu sai ihu ya tashi wai na'ura ta mutu.

Ba ta mutu ba malam. Tsarin oba-oba na P25 ɗin nan da jihohi irin su Michigan da Ohio suke kai ba irin na da ba ne da kowa ke zaune kan mitarsa, mitoci ne kwamfuta ke rabawa duk wanda ya danna zai yi magana, kowace shiyya da lambar rukuninta, in aka haɗe shiyya biyu ko aka sake lamba sai sikanarka ta yi ta gadin tsohuwar lamba, tsit kake ji. Masu bin diddigi za su tono sabuwar su sa a shafin intanet na RadioReference, ka sabunta, magana ta ƙare. Wannan ni ban ɗauke shi abin kuka ba, 'yan sanda aikinsu suke gyarawa ba don nishaɗin wani suka sayi kayan ba.

Inda nake da ja shi ne kullewa. In suka sa makullin AES-256, wato tsarin ɓoye magana yadda sai rediyo mai mabuɗin ke ji, ko nawa ka sayi sikana ta zama ado. Denver ta kulle a 2019, Chicago ta bi a 2022 ta ce jama'a su ji a shafin intanet na Broadcastify bayan minti 30, New York ta fara da Brooklyn a 2023. Hujjarsu wai ɓarayi na ji ta waya, ga sunaye da adireshin mutane ana karantowa a iska, kuma gaskiya wannan ta biyun tana da ƙarfi. Amma ai sai a kulle rukunin masu samame da na bincike a bar na tura mota a buɗe. Ɗan jarida da shi yake sanin an yi harbi a unguwa kafin kakakin 'yan sanda ya tsara nasa labarin. Palo Alto ma ta kulle, mutanen gari suka matsa, a 2022 ta buɗe.