Yadda Autanmu Ya Zama Hajiyar Abuja

Shekara uku ina sana'ar dambun nama a gida, masu sayena ba su wuce layinmu da layin baya ba. Matar mai shago ta aiko yaro, malamar Islamiyya ta ɗauki roba biyu in an yi albashi, shi ke nan. Ban yi arziki ba, amma ina barcina lafiya. Sai da 'yar yayata ta zo hutu daga jami'a, ta tarar da ni a tsakar gida ina kirɓa nama a turmi, gumi har cikin ido, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Anti, har yanzu jiran 'yan aike kike yi? Ai kasuwa ta koma cikin waya."

Ranar ba a ci abincin rana da wuri ba. Ta ciro farantin tangaran ɗin da na yi shekara goma ina adanawa a kabad, ta zuba dambu, ta kwance labulen ɗakina ta shimfiɗa a ƙasa, ta hau kan kujera tana ɗaukar hoto ta sama. Da ta gama shafe-shafenta ta miƙo min wayar, wallahi sai da na haɗiyi yawu, ni da na soya shi da hannuna. Muka ɗora a status na WhatsApp, ta buɗe min shafi a Instagram, ta ce in zauna in ga ikon Allah.

Kafin isha'i mutum 84 sun kalla. Na ɗauko biro na soma lissafi: ko rabinsu ne suka sayi roba ɗai-ɗai, ai gobe da asuba sai Abbatuwa, cinyar sa guda zan ɗauko. A daren nan na sayi firiza a raina, na canza kujerun falo, har na fara tunanin wanda zan biya wa Umara tsakanin Mama da Baban yara.

Ashe lissafin dokin Rano nake yi. Abin da yarinyar nan ba ta faɗa min ba shi ne, status ba ya zuwa sai ga wanda kake da lambarsa, shi ma yake da taka. To su wa ke da lambata? Dangi. Gwaggo, matan kawunnai, 'yan ajinmu na sakandare, sai mai gyaran famfo. Saƙonni kuwa sun shigo kamar ruwan Agusta. "Masha Allah, Allah ya sa albarka, a ajiye mana ɗanɗano." "Ashe abin da kike ɓoye mana ke nan?" Wanda bai taɓa dambu ba ba zai gane zafin kalmar ɗanɗano ba. Nama ne za ka dafa da albasa, citta, kanumfari da masoro har ruwansa ya tsotse, ka daka, ka soya a hankali kana juyawa har kafaɗa ta ƙage, kilo guda ya dawo ɗan abin da za ka rufe da tafuka biyu. A mako na farko ɗanɗano ya ci kilo biyu, ko sisi ban gani ba.

Instagram kuma wata duniya ce. Can na haɗu da jama'ar "nawa ne?" Kuɗin yana rubuce ɓaro-ɓaro a ƙasan hoto, amma sai an tambaya. Ka faɗa, a ce ba ragi? Ka rage, a ce ana kawowa Kaduna? Ka ce ana sakawa a mota, a ce "to zan yi miki magana." Akwai wata baiwar Allah da ta sa na yi mata bidiyon dambun ta gaba da ta baya kamar mai sayen fili, ta ci min data ta kwana biyu, daga ƙarshe ta ce ita dama na kaza take nema.

Na kira malamar tawa na kai ƙara. Ta ce, "Anti, mutane ba sa yarda sai sun ga shaida. Ki riƙa ɗora saƙon waɗanda suka saya suka yaba."

Wa zai yaba? Matar mai shago yabonta bai wuce ta aiko yaro ya ce a ƙara yaji ba. Nan shaiɗan ya raɗa min wata dabara. Na kira autanmu, saurayi ɗan shekara ashirin da uku mai gemu, na zuba masa dambu a kofi, na ce ya turo min saƙo kamar wata babbar mace ce daga Abuja. Yaron nan ashe marubuci ne aka rasa. Ya rubuto: "Salam Hajiya, saƙo ya iso Maitama lafiya. Gaskiya ban taɓa cin irinsa ba. Maigidana shi kaɗai ya cinye roba biyu, ya ce a ƙaro goma." Har da hoton zuciya guda uku.

Na ɗauki hoton hirar, na ɗora, na rubuta "Alhamdulillah, Abuja sun gode," na ja bargo.

Kiran Gwaggo ne ya tashe ni, ko sallar asuba ban yi ba.

"Ke 'yar nan, yaushe aka ɗaura wa Auta aure ba a gaya min ba?"

"Aure kuma, Gwaggo?"

"To na ga yana Maitama, har maigidansa ya cinye roba biyu. Ɗan gidan waye mijin?"

Na buɗe wayar hannuna na rawa. A saman hirar, ga sunan da na yi masa ajiya da shi tun bara, manya-manyan baƙaƙe: Auta Mai Cin Bashi. A gefe ga hotonsa, ya karkata hula yana jingine da babur ɗin abokinsa. Mutum 131 sun riga sun gani, adadin da dambuna bai taɓa samu ba. Status kan ɓace da kansa bayan awa 24, ni ban jira ba na goge, amma bakin alƙalami ya bushe. Wata matar kawu ta riga ta ɗauka ta jefa a guruf ɗin dangi. Baban yara bai ce komai ba, sai da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in Hajiya ta sake kira a gaishe ta, ya fice kafaɗunsa na girgiza.

Auta ya yi kwana huɗu bai zauna a majalisarsu ba. Ko masallaci ya nufa sai yara su bi shi da "Hajiya, ya Abuja?" Ya zo ya zauna min a falo fuska a murtuke, ya ce na zubar masa da mutunci a unguwa, diyyarsa roba ɗaya duk Juma'a. Bashin dubu bakwai da nake binsa kuma kada in sake tayar da zancensa. Na amince, don ba ni da bakin magana.

Bayan kamar wata biyu, wata mata da ban sani ba ta yi min magana. Ba ta ce nawa ne ba, ba ta nemi ragi ba. Roba shida ta ce, ta turo kuɗi, na je wurin mai POS na tabbatar sun shiga, na kai tasha aka saka a motar Abuja. Washegari ta rubuto doguwar godiya, ta ce yaranta har faɗa suka yi a kan ta ƙarshe. Na duba sunan sau uku, na duba hoton, na ɗora da bismillah.

Minti biyu ba a yi ba Gwaggo ta turo saƙon murya: "Madalla. A gaida Auta, a ce masa rubutun nasa ya ƙara kyau."