Kafin ka kira mai fenti, kafin ka ce wa abokai "ku fito mu je"

Ƙannena samari da 'yan mata na Sakkwato, musamman waɗanda suka fara kama 'yan kuɗi da masu shirin aure, abu biyu ne ke cinye albashinku tun wata bai raba ba, kuma duka biyun daga cikin waya suke fitowa: gyaran ɗaki irin na hoto, da fita cin abinci don a ɗauki hoto. Babu laifi mutum ya so ɗaki mai kyau, babu laifi a zauna da abokai a ci mai daɗi. Inda gizo ke saƙa shi ne, ɗakin nan da kuke gani a Instagram da TikTok an shirya shi ne a Dubai ko Turkiyya, inda AC ba ya mutuwa kuma taga ba ta buɗuwa. Mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu na shiga har cikin akwatin da aka kulle. Duk kayan da ba su jure wa waɗannan biyun ba, kuɗinka ka zubar.

A fara da bango, domin nan aka fi yin asara. Sabuwar filasta tana riƙe da ruwa a ciki ko da ta bushe a ido. A ba ta mako uku zuwa huɗu kafin fenti ya hau. Wanda ya yi gaggawa saboda ranar biki ta matso, bayan wata biyu zai ga wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, fentin ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Gishirin cikin siminti ne ruwa ya turo waje, kuma ƙara wani fenti a kai ba ya magani, sai an kankare, an bari ya bushe, an sake. Idan kuwa ɓarewar daga gindin bango take, daga ƙasa zuwa kamar ƙafa biyu, to laima ce ke hawowa daga tushen gini, ko bututun banɗakin da ke bayan bangon yana yoyo. A nemo mai gyaran famfo kafin mai fenti.

Lissafin fenti ba shi da wuya, amma rashin yin sa ne ke sa ana sayar muku da abin da ba ku buƙata. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, 10 tsayi, in an cire ƙofa da taga, bangonsa murabba'in mita 40 ne ko kusa da haka. Shafi biyu ya zama 80. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau tana rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a bango mai santsi, ke nan lita 8 zuwa 10, rabin babban bokiti mai lita 20. In mai fenti ya ce bokiti biyu don ɗaki ɗaya, ko dai fentin na banza ne, ko akwai wani ɗakin da za a shafa da kuɗinka. Kuma ka tsaya a wurin lokacin da ake sirka ruwa. Fentin da aka cika wa ruwa shi ne wanda za ka jingina da farar shadda ka tashi da launin bango a bayanka.

Game da launi, ku bar baƙi da ruwan toka mai duhu da ake yayi. Suna matse ɗaki, suna sa ka kunna ƙwai da rana tsaka, kuma ƙura a kansu kamar an barbaɗa gari. Fari fat ma ba ya ɓoye hannun yara. Ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske, ko kalar yashi su ne ke tafiya da ƙurarmu. In kana son launi mai ƙarfi, bango ɗaya ya isa. Takardar manna wa bango da wannan soso mai zanen bulo da ake liƙawa kuwa, gam ɗinsu ba ya jure zafin bangon da rana ke duka, gefuna su fara ɗagowa, kyankyasai su samu gida. Soson nan kuma wuta na kama shi da sauri, ga shi gidajenmu ba a rabuwa da kaskon turaren wuta.

Kafin ka sayi labule, tsaya a ɗakin da ƙarfe huɗu na yamma ka ga ta ina rana ke shigowa. Tagar da ke kallon yamma ita ce murhun ɗaki. Labule mai kauri daga ciki haske ya fi tarewa, zafin ya riga ya ratsa gilashi. Abin da ke aiki shi ne tare ranar daga waje: asabari, ko 'yar rumfa a saman taga, ko dogon yaro a tsakar gida, amma a dasa shi nesa da gini da kamar taku biyar ko shida saboda saiwarsa da kuma ramin shadda. Kakanninmu da suka yi soraye masu kaurin bango da ƙananan tagogi sun san garin da suke ciki.

Awon labule kuma ga shi. Taga mai faɗin ƙafa 4, sandarta ta zama ƙafa 5, wato ta wuce da inci 6 kowane gefe, a kafa ta inci 6 zuwa 8 sama da taga. Faɗin yadin ya ninka tsawon sandar, ƙafa 10 ke nan, in ba haka ba labulen zai tsaya a miƙe kamar zanen da aka shanya. Tsawonsa ya tsaya yatsa biyu sama da ƙasa. Wanda ke jan ƙasa a hoto yana da kyau, a Mabera ko Arkilla kuwa tsintsiya ce ka rataya. Ku zaɓi yadin da za a iya cirewa a wanke a baho, ku bar karan-miski mai nauyi da sai an kai wa masu wankin inji.

Kafet mai rufe ɗaki bango zuwa bango ma'ajiyar ƙura ce, kuma duk gidan da ke da mai asma ko mai yawan atishawa ya nisance ta. Tayil da 'yar darduma a tsakiya, wadda za a fitar a kakkaɓe, ya fi lafiya kuma ya fi sanyi a ƙafa. Tayil mai santimita 60 kowane gefe yawanci guda huɗu ne a kwali, murabba'in mita 1.44. Ɗakin nan mai ƙafa 12 zai ci kwali 10, ka ƙara ɗaya saboda yanka da fashewa, 11 ke nan. A duba lambar da ke jikin kwalayen ta zama iri ɗaya, domin tayil mai suna ɗaya daga gashi daban-daban launinsa kan saɓa, ba za ka gane ba sai an shimfiɗa. Bayan an gama, bi shi da gindin makulli kana ƙwanƙwasawa. Wanda ya yi ƙara kamar ganga babu siminti a ƙarƙashinsa, ranar da ƙafar gado ta hau shi zai tsage. Kuma mai sheƙi kamar madubi kada ya shiga banɗaki ko inda tsofaffi ke alwala.

Silin POP ya zama kamar farilla yanzu. To, kada a yi shi sai an ga damina ɗaya ta wuce a kan kwanon rufin ba tare da ɗigo ba, ko an hau an duba kowace ƙusa, domin POP da ruwa ba sa ga maciji: ya yi taswira mai ruwan shayi, sannan ya rufto. Ƙugiyar fanka a ɗaure ta a jikin katakon rufi ko ƙarfe, ba a jikin POP ba. A kula da tsayi: ɗaki mai ƙafa 9, aka sauke silin da ƙafa ɗaya, fanka ta sauko da wata ƙafar, fukafukanta na ƙafa 7 daga ƙasa, wanda shi ne iyakar abin da ya halatta, ƙasa da haka dogon mutum ba zai cire riga a tsaye ba. Wayar wuta kuwa nan ne ba a neman araha: mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta ƙwayaye ce, 2.5 ta soket, AC kuma a ja masa tasa mai 4 da makunninsa daban. Ƙwayaye ashirin masu canza launi a silin ado ne na wata uku, wuta ta yi sama da ƙasa sau biyu sun ƙone rabi. In gidan haya ne ma, kada ka zuba ko sisi a silin da tayil sai kun rubuta da mai gida cewa za a cire daga kuɗin haya.

Kujeru: auna ɗakin da ƙofarsa kafin ka je wurin kafinta, ka bar hanyar wucewa ta aƙalla ƙafa biyu da rabi. Iyayen amare ku ji wannan, saitin kujera bakwai a falon da bai fi ƙafa 12 ba ya sa amarya ba ta da inda za ta shimfiɗa sallaya. Ledar nan mai kama da fata tana manne wa jiki da gumi, shekara biyu ta tsattsage. Ɗaga kujerar ka leƙa ƙarƙashi, ka tambayi irin katakon da ko an yi masa maganin gara. Kabad na garin katako da aka matse kuwa, ruwan goge ɗaki kaɗai ya isa ya kumbura masa ƙafa, don haka a ɗora shi kan 'yan ƙafafun roba.

Abin mamaki, kayan adon da 'yan waje ke zuwa nema muna tsallake su mu sayi furen roba. Fatar jan akuyar Sakkwato sananniya ce har ƙasashen Turai, dukawanmu na ɗinka tumtum da ita wanda zai yi shekaru ana zama a kai. Faya-fayai biyar ko bakwai masu girma daban-daban a jera su a bango ɗaya, ƙwarya mai sassaƙa a kan kanta, tabarma mai launi a ƙasa, ɗakin ya fi na hoton kyau, kuma tsumma ɗaya ke share shi.

Sai maganar fita. Yawancin ɓacin ran da ke biyo bayan cin abinci da abokai a kan kuɗi ne, kuma maganinsa jimla ɗaya ce tun a waya: "ni na gayyata, ni zan biya," ko "kowa ya riƙe nasa." Kunyar faɗin wannan ita ke sa wani ya ci na dubu biyu a raba masa na dubu bakwai, ya koma gida yana ƙunci. Wanda aka gayyata kuma kada ya jawo mutum biyu ba da sanarwa ba, kada ya zaɓi abin da ya fi tsada don ba shi ke biya ba. Wanda kuka san ba ya da hali a cikinku, a biya masa a asirce, ba sai an ɗaga murya ba. A tambayi farashi kafin a ce a kawo. Manyan wurare kan ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wasu da kuɗin hidima a kai: abincin dubu 20 harajinsa 1,500 ne. A karanta takardar kafin a miƙa kati, a riƙe 'yan tsabar kuɗi saboda ranar da tiransifa ta maƙale.

Lafiyar ciki ta fi aljihu muhimmanci. Dafaffen abinci ba a so ya wuce awa biyu a ajiye ba kan wuta ba, ba cikin firij ba, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya ce. Ku auna wannan da bazararmu. Mafi haɗari su ne shinkafar da ta huce a kula tun rana, da haɗin kabeji mai mayonis, da shawarmar da aka naɗe tun ɗazu ana jiran mai saye. Shinkafa musamman, akwai ƙwayar cutar da ke barin dafi a cikinta wanda ɗumame ba ya kashewa. Ka zaɓi abin da aka sauke a gabanka yana tururi. Wurin mai tsire da balangu, ka nuna wanda kake so a mayar da shi kan wuta, ka duba ko wuƙa da katakon da ake yanka ɗanye su ne ake yanka gasasshe, kuma ka ce kada a naɗe maka a jarida, tawada ba yaji ba ce. Man suyar da ya yi baƙi yana hayaƙi a bar shi. Soɓo da kunun aya daɗi gare su, amma kunun aya awa kaɗan yake yi a zafi ya juya, ƙanƙarar da aka jefa ciki kuma ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba. Da damina, lokacin amai da gudawa, a tsaya kan ruwan da ke rufe mai lambar NAFDAC. Leƙa inda ake wanke kwanuka: baho ɗaya da ruwansa ya koma kalar miya ya gaya maka komai.

A yi oda daidai ciki, in bai isa ba a ƙara. Allah Ya ce a ci a sha kada a yi ɓarna, kuma a bakin ƙofar wurin akwai almajirin da ke kallon farantin da kuka bari, don haka ragowar a sa a ƙunshe tun ba a jagwalgwala ta ba. A tsara fita ta faɗo kafin Magariba ko bayan Isha'i, ba a tsakiyarsu ba. Ma'aikacin wurin ɗan wani ne, ba a kiran sa da tafi ko tsaki. Kada ki ɗora hoton ƙawarki tana cin abinci sai ta yarda, wata gidansu ba su san ta fito nan ba, wata mijinta ba ya so.

In ɗakin ya gyaru yadda aka faɗa, da wurin zama a ƙasa da fanka mai juyawa, wata fitar ma a gida za a yi ta. Mutum shida: shinkafa kilo ɗaya, nama kilo ɗaya ko kaji biyu daga Kasuwar Daji da safe, albasa da tattasai da tumatir, wani ya zo da fura da nono, wani da kankana. A dafa bayan La'asar, a sauke dab da Isha'i, a shimfiɗa leda a kan tabarma, a ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa.