Iya ceto rai kaɗai ba ya kai likita ga shugabancin sashen gaggawa

Mutane da yawa suna ɗauka cewa likitan da ya fi kowa iya ceto rai a sashen gaggawa na asibitin koyarwa shi ne zai shugabanci sashen idan ya daɗe yana aiki. Wannan fahimta tana da giɓi. A Amurka, inda Jami'ar Sinsinati ta fara horar da ƙwararrun wannan fanni a 1970, aka kuma amince da shi a matsayin fanni mai zaman kansa a 1979, muƙaman jagoranci sun rabu, domin daraktan horar da sababbin likitoci daban yake da mai kula da bincike, kuma dukansu suna ƙarƙashin shugaban sashe. Waɗannan muƙamai suna buƙatar abin da ba a koyo a bakin gadon majinyaci, kamar tsara kasafin kuɗi, neman tallafin bincike da sasanta ma'aikata a sashen da ba ya rufewa dare da rana. Abin da ya fi damuna shi ne matashin likitan da ke jiran shekaru su ɗaga shi, alhali tun yanzu ya kamata ya nemi babban malamin da zai ja masa gora, ya karɓi ƙaramin nauyi irin na tsara jadawalin aiki, ya kuma fara wallafa bincikensa.