Tsoro ne, kada a naɗa masa rawanin basira

Na saurari saƙon muryar nan da ake ta yaɗawa tun shekaranjiya, na magidancin da ya kori ma'aikatan rigakafin ƙyanda daga ƙofar gidansa, kuma tafin da jama'a suke yi masa ya fi korar kanta ɓata mini rai. Ya ce da ya hango su da akwatin sanyi a rataye sai gabansa ya faɗi, jikinsa ya ba shi cewa akwai lauje cikin naɗi, shi kuwa jikinsa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Nan take aka yi ta zuba masa addu'a, wannan ya ce Allah ya ƙara basira, wancan ya ce irin waɗannan iyayen ake nema. Madalla. Ashe masu ɓata shekara shida a jami'a suna karatun likitanci wahalar banza suke sha, tunda faɗuwar gaba ɗaya a zaure ta isa ta yanke hukunci a kan lafiyar 'ya'ya.

Abin da ya kama bawan Allahn nan tsoro ne. Tsoro kuwa ba abin kunya ba ne, ballantana ga uba a kan 'ya'yansa, kuma da ya ce "ina jin tsoro" da babu wanda zai zarge shi, domin mai tsoro ana iya zama da shi a tambaye shi abin da yake tsoro, a kawo masa wanda ya sani ya yi masa bayani. Amma da zarar mutum ya ce jikinsa ne ya ba shi, ya rufe ƙofar tambaya ke nan, saboda ya mayar da abin da ke damunsa wani sani na musamman da shi kaɗai aka ba, duk wanda ya ja da shi kuma ya zama marar lura ko ɗan koren Turawa.

Ban ce babu abin da ake kira jiki ya ba mutum ba. Akwai shi, kuma duk mun san masu shi. Tsohuwar ungozoma takan dubi mai naƙuda ta ce a nemo mota yanzu, alhali sauran matan ɗakin ba su ga wani abu ba, idan ka tambaye ta dalili ma wataƙila ta kasa faɗa maka a lokacin. Sai dai wannan tsohuwa ta shekara aru-aru tana karɓar haihuwa, ta ga wadda ta zo da sauƙi, ta ga wadda ta zo da gardama, kuma kowane karo ta ga yadda aka ƙare da idonta. Wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka, Gary Klein, ya daɗe yana nazarin shugabannin 'yan kwana-kwana, ya kawo labarin ɗaya daga cikinsu da ya umarci yaransa su fice daga wani gida ba tare da ya san dalili ba, suna fita daɓen ya rufta. Da aka bi diddigi daga baya, sai aka gane cewa zafin ɗakin ya wuce kima, wutar kuma ba ta da ƙarar da ya saba ji, domin tushenta yana can ƙarƙashin ƙafafunsu. Kunnensa da fatarsa sun riga tunaninsa ganewa. A 2009 shi Klein da Daniel Kahneman, wanda ya daɗe yana nuna yadda zuciya ke yaudarar mai ita, suka yi rubutu tare suka yarda a kan abu ɗaya: ana iya dogara da irin wannan ji ne kawai a fagen da al'amura ke maimaita kansu, mutum kuma ya daɗe a cikinsa yana ganin sakamakon hukuncinsa.

To, a ina jikin magidancin nan ya yi karatun allurar rigakafi? Kwalba nawa ya taɓa dubawa, yara nawa ya bi lafiyarsu daga ranar allura har suka girma, da har fatarsa za ta san mai kyau da marar kyau daga nesa? Abin da jikinsa ya sani shi ne abin da kunnensa ya sha a majalisa da kuma wayarsa, shekara da shekaru, har ya zauna masa. Da ya hango akwatin, abin da aka zuba masa ne ya motsa. Wannan ita ce tambayar da nake so kowa ya riƙa yi wa kansa kafin ya ce jikinsa ya ba shi: wannan jin, kafin in ji labarin wane da wane, ina da shi? Idan amsar ita ce a'a, to jin na mai labarin ne, aro kawai ka yi.

Akwai kuma wata alamar da ba ta ɓuya. Ji na gogewa yakan nuna wuri guda, ya ce wannan matar, yau, a kai ta asibiti, kuma gobe yana iya cewa waccan a bar ta, lafiya za ta sauka. Tsoro kuwa amsarsa ɗaya ce kullum, kada a yi. Kada a yi ta ƙyanda, kada a yi ta mashaƙo, kada a yi awon ciki, kada a ƙara jini. Mai gogewa idan ka kawo masa sabon bayani yakan tsaya ya saurara, domin so yake ya gane abin da ya ji. Mai tsoro idan ka kawo masa bayani sai ransa ya ɓaci, ya ce kai ma an saye ka.

Na san abin da za a ce, an ma riga an fara rubuto mini: ka manta da Pfizer? Ban manta ba, kuma babu Bakanon da ya isa ya manta. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, wannan kamfanin magunguna ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wannan ya faru, kuma shi ne ya sa tsoron mutanenmu yake da tushe. Amma samun tushe bai mayar da shi basira ba. Mun ma taɓa gwada bin sa a matsayin al'umma. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin cewa an sa masa maganin hana haihuwa, ba a dawo ba sai a watan Yuli na 2004, da aka kawo wanda aka yi a Indonesiya. A tsakanin nan da shekarun da suka biyo baya cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, ta kai Sudan, ta kai Yemen, ta kai har Indonesiyar kanta. A lokacin ma jikin mutane da yawa ya ba su. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a waɗancan shekarun yanzu magidanta ne, muna ganinsu a kan kekunan guragu a bakin danja, ga wanda yake son ya duba sakamakon. Matan da aka ɗiga wa maganin suna jarirai kuma ga su nan suna goyo.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai jingina abin ga addini, ya ce ai ya yi istihara zuciyarsa ba ta kwanta ba. Addu'ar istihara da ta zo a hadisin Jabir roƙo ne ga Allah ya sauƙaƙa abin idan alheri ne, ya kawar da shi idan sharri ne, kuma malamai suna haɗa ta da neman shawarar masana. Ba a ce ka shiga sallar da hukuncinka a aljihu ka fito ka ce an tabbatar maka ba. Ku dubi Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham ya sami labarin annoba a Sarg. Mutumin da aka san shi da kaifin hange bai ce jikinsa ya ba shi ba. Ya kira Muhajirai ya ji ta bakinsu, ya kira Ansar, ya kira dattawan Ƙuraishawa, sannan ya yanke cewa a koma. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Daga nan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya yi daidai da hukuncin. Idan Umar ya buƙaci zama uku kafin ya juya akalar raƙuminsa, ban ga yadda faɗuwar gaban minti ɗaya za ta ishi ni da kai ba.

Ga 'yan uwana iyaye, da zuciya ɗaya nake faɗa: idan gabanku ya faɗi, ku tsayar da ma'aikatan a zaure, ku tambayi sunan allurar da ciwon da take karewa, ku duba katin yaron, ku kira wani ma'aikacin lafiya da kuka yarda da amanarsa. Wannan haƙƙinku ne, kuma duk wanda ya ji haushin tambayarku bai san aikinsa ba.

Su ma hukumomi kada su ɗauka na wanke su. Mutum ya kai ɗansa asibitin unguwa da zazzaɓi cikin dare, ya tarar babu ma'aikaci, ko kuma a rubuta masa magani a ce ya je kemis ya saya da kuɗin da ba shi da su, sannan bayan mako biyu a ƙwanƙwasa masa ƙofa da allura kyauta har ana lallashinsa. Dole ya tambayi dalilin da ya sa wannan ake bin sa da ita gida, waccan kuwa ko ya je da ƙafarsa ba ya samu. Tun zamanin shan inna ake yin wannan tambayar, kuma 'yan matan da ake turowa da akwatin sanyi, waɗanda sau da yawa su ma alawus ɗinsu sai sun yi ta bi, ba su ne ya kamata a bar wa amsa ta ba.